Mai Zuga a Sheffield

Sha ɗaya na dare ta gota.
Ruwa na bin gilashin taga a hankali, kamar mai jin nauyin sauka.
Daga ni sai kwamfuta, sai shayin da ya huce tun magariba,
sai wannan sanarwar aiki
da na karanta har na haddace.

Ana neman mai digiri na uku, in ji ta,
a ilimin ƙarafa ko makusancinsa.
To, ga ni.
Shekara huɗu ina leƙen tsatsa a ƙarƙashin madubi,
na san yadda take cin bututu ta ciki
ba tare da ta ce wa kowa uffan ba.

Ana neman maƙala uku da aka buga.
Biyu gare ni.
Ta ukun tana hannun wani mai tantancewa da ban san fuskarsa ba,
wata biyar ke nan, ko tari bai yi ba.
Ana neman mutum biyu su shaida na iya.
Farfesa Hollinshead ta ce za ta rubuta,
amma ta faɗa ne tana saka kwat, ƙafa ɗaya a waje.

Wa'adin aiki: wata goma sha takwas.
In kuɗin bincike ya ƙaru, a ƙara maka.
In bai ƙaru ba, a gode maka.
Biza kuwa tana tsaye a bakin ƙofa
tana ƙirga kwana kamar mai bin bashi.

Jiya Inna ta kira, murya na yankewa.
"Tanimu, ba an ce ka zama dakta ba?"
Na zama, Inna.
"To me ake jira kuma?"
Ta yaya zan ce mata bayan gamawa akwai wata gamawar,
wani zaure tsakanin ɗalibi da malami
inda ake zama da takalmi a hannu?

Nuwan, mai teburin kusa da nawa, wannan zaurensa na uku.
Glasgow, Leeds, yanzu nan.
'Yarsa ta sauya makaranta sau uku kafin ta yi famfara.
Akwai kwalayen da bai taɓa kwancewa ba,
ya ce ɓata salatif ne.
Yana dariya ya faɗa. Ni ban yi ba.

An ce nan ma garin maƙera ne,
wuƙaƙensu sun zaga duniya kafin a haifi kakana.
Shi ya sa nake yawan tuna maƙerar Baba a Ɗambatta,
da Barmo, da ya shekara bakwai yana zuga,
hayaƙi a ido, gawayi a farce,
ba a taɓa miƙa masa masaba ba.
Ran nan da hantsi Baba ya dubi jan ƙarfen,
ya dubi yaron,
ya matsa gefe kawai.
Babu fom, babu shaidu.
Matsawar nan ita ce takardar.

Nan babu mai matsawa.
Akwai dai akwati a shafi na huɗu:
faɗi dalilin da ya sa ka dace, kada ka wuce kalma ɗari biyar.
Na rubuta cewa ina jin lokacin da ƙarfe ya gaji
tun kafin na'ura ta nuna.
Na goge.
Na rubuta sunayen na'urori shida da na iya sarrafawa,
da taro biyu da na yi jawabi gwiwa na rawa.

Saura minti biyu a rufe, na danna.
Allo ya ce an karɓa, an gode.

Kafin in bi motar ƙarshe
na leƙa ɗakin gwaji, na kunna fitila ɗaya.
Guntun ƙarfena na kwance cikin ruwan gishiri, kwana na ɗari da tara.
Wani ɗigon ja ya fito a gefensa na hagu
wanda babu shi da safe.
Na ajiye jaka.
Na jawo kujera, na buɗe littafi, na sa kwanan wata.